Kawu Idi da Akwatin Diski Biyu

Duk wanda ya san Kawu Idi mai bidiyo a Filingue ya san tambayarsa: "Ina ta biyun?" Tabarau biyu gare shi, makullin babur biyu, har allurar ɗinke jakarsa biyu ce. Amma kuma mutumin nan ganyen shayi ɗaya yake tafasawa sau uku, ya miƙo maka ruwan yana yabonsa. Kai, Kawu!

Shekara da shekaru yana ɗaukar biki da suna a ƙasar Kurfey, yana kuma zaunar da tsofaffi su yi masa hira. A cikin kayan nan akwai mahaifiyata, ƙanwarsa, tana waƙar daka wata biyu kafin ta rasu. Ba mu da muryarta ko'ina sai nan. Da na dawo daga karatun kwamfuta a Yamai na tarar kwamfutarsa ta cika maƙil, sai na sa ya sayi akwatin ajiya, irin wanda ake zura wa diski a haɗa shi da kwamfutocin shago. Saura zaɓen tsarin da ake kira RAID, wato yadda diskokin za su raba aiki.

Na fara da mai lamba sifiri. Na ce yana raba kowane bidiyo gida biyu, wuri ya yalwata, aiki ya yi sauri.

"In guda ta mutu hwa?"

"Shi ke nan, Kawu, duka sun tafi."

"Ɗiyata, wanga shi kunka koyo Yamai? Kai can, ƙahwahu nan? Wuce!"

Na koma mai lamba biyar: diski uku, in ɗaya ta mutu sauran su dawo da abin da ke cikinta ta hanyar lissafi. Ya cire tabarau ɗaya ya sa ɗayan, ya dube ni.

"Lissahi? Muryar uwarki za ki ba lissahi ajiya? Ni da nic ci sihiri ga lissahi a lakkwal, makarantar boko?"

Dole muka tsaya kan mai lamba ɗaya, inda duk abin da aka rubuta a wannan diski ake rubuta shi a waccan. Na ce masa rabin wurin ya tafi a banza. Ya ce wannan rabin shi kaɗai ne mai hankali a shagon.

Ranar da na gama haɗawa, akwati na tsakar aiki, sai kawai ya sa hannu ya zare diski ɗaya. Na yi ihu har mai tsiren bakin shago ya leƙo. Bidiyon da muke kallo bai ko tsaya ba. Kawu ya gyaɗa kai ya ce, "To, ba ki yi ƙarya ba." Ina murna, sai ya ƙara da cewa, "Amma duk su biyun ɗaki guda suka kwana? Rumbu biyu jere, gobara guda ta ishe su."

Daga nan kowace ranar kasuwa sai ya kwafi komai a wata diski ya ba direba ya kai wa Inna Mariyama, yayarsa, a Bonkoukou. Ita kuma ta naɗe a tsumma ta sa cikin tulu a rumbu, ta ba direban tsohuwa ya mayar masa. Na yi ta yi masa dariya, har tsiya nake masa a gaban mutane.

Ya rasu da rani. Ruwan farko na damina, tsawa ta bi wayar lantarki ta ƙone akwatin, diski biyun duka. Na zauna a shagon na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza, domin na ga kamar na sake rasa uwata.

Washegari na hau mota zuwa Bonkoukou. Inna ta shiga rumbu ta daɗe, sannan ta leƙo.

"Wacce kika so? Biyu yab bari."

Na yi dariya da hawaye a fuska. Da na kunna, ga mahaifiyata riƙe da taɓarya tana waƙarta. Tana gamawa sai na ji muryarsa daga bayan kyamara: "Madalla. Sake min, ina ta biyun?"

Komai ya bar mana biyu, sai shi kansa da ba mu da na biyunsa. Allah ya jiƙan Kawu Idi, ya haskaka kabarinsa, ya ninka masa ladan abin da ya adana mana. Amin.