Ranar da Na Shiga Nguru Babu Hon

Da ana mayar da kwanaki baya, da na mayar da makonni ukun da na yi ina bugun motata da gindin sukundireba. Kullum da safe in ta ƙi tashi sai in buɗe bonet, in ƙwanƙwasa baƙin akwatin fis ɗin nan, ta kama. Mai wayarin na unguwarmu a Gashuwa ya ce mini rile ne ke mutuwa, wato ɗan ƙaramin makunnin da ke sakar wa inji wuta, in canza shi. Na ce masa ina tuƙa babbar mota tun kafin a yi auren uwarsa. A gaban mutane na faɗa. Kuma ban gaya wa kowa a gida motar na da matsala ba.

Mun tashi da asuba, ni da ƙanena da matarsa, za mu kai shi Nguru wankin ƙoda. An ba shi ƙarfe tara, kuma duk mai zuwa wurin ya san in layinka ya wuce sai ka jira na bayanka su gama. Ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, numfashinsa yana fita da ƙyar. Motar ta tashi daga murɗa makulli sau ɗaya, na ce a raina ai ga shi nan.

Damina ta ja baya amma ruwa na kwance gefen titi, shinkafa ta yi kore a fadama. Mun wuce masu a-kori-kura ɗauke da kwalayen bandar kifi daga wajen Dagona. A Jajimaji matar ƙanena ta sayi ƙosai, tana mitar yadda ya ƙanƙance, wai yanzu sai ka haɗa uku kafin baki ya san an ci wani abu. Ƙanena ya yi ɗan murmushi. Shi ne murmushinsa na ƙarshe a hanyar.

Ba mu yi nisa da garin ba inji ya ɗauke, babu gargaɗi, babu tari. Na gangara gefe. Na murɗa makulli, kik yana juyawa da ƙarfinsa, inji bai kama ba. Na ɗauko sukundireba na buga akwatin. Na sake bugawa. Na buga har murfin ya tsage.

"Yaya, me kake duka?" in ji matar ƙanena ta taga. "Dama ka san da matsalar?"

 Na shiga aikin da na iya tun zamanin tsofaffin motoci: na goge kan batir, na duba mai, na girgiza wayoyi. Bakwai da rabi ta wuce. Motocin da ke wucewa duk cike suke da 'yan kasuwa har kan but, babu inda za a kwantar da marar lafiya. Ƙanena ya buɗe ƙofa ya zuro ƙafafu waje, ya jingina kai, ina jin ƙirjinsa yana ƙara daga inda nake tsaye. Lamba ɗaya ce a wayata da za ta yi amfani, kuma ta mutumin da na ci wa fuska ce. Na kira.

"Baba, an gama bugun nata?" Haka ya fara. Da na gaya masa wanda ke cikin motar, muryarsa ta canza nan take.

Ya ce in murɗa makulli rabi, kada in tayar. Fitilar inji ta kama a gaban sitiyari? Ba ta kama ba. Ina jin ɗan kukan famfon mai daga baya? Shiru. Ya ce to wuta ce ba ta isa inji. Ya sa na zaro fis na ɗaga shi a rana, zarensa lafiya lau. Sai ya ce in ɗora yatsa a kan rilen, matar ƙanena ta murɗa makulli. Rile mai lafiya zai yi ƙas a ƙarƙashin yatsa. Ta murɗa sau uku. Ban ji komai ba.

"Danna hon, Baba."

Na danna, ya yi kuka. Ya ce in nemo rilen hon a zanen da ke cikin murfin, in gwada ƙafafunsa da lambarsa da na injin, in iri ɗaya ne in musanya su. Na zaro tsohon, ƙafarsa ɗaya ta yi baƙi, tana warin ƙonanniyar roba. Na soka na hon a gurbinsa. Fitila ta kama, famfo ya yi kuka, inji ya tashi. Na danna hon, shiru. Ya ce, "Ka ga mai laifin. Yi tafiyarka, Allah ya ba shi lafiya."

Ragowar hanyar ba zan manta da ita ba. Ranar kasuwa ce, makiyaya na kora shanu ta kan titi, ni kuwa ba hon. Na fito da kai ina ihu ina dukan ƙofa da tafin hannu kamar mai korar tsuntsaye a gonar shinkafa. Wani bafulatani ya tsaya yana kallona, ya ce, "Baba, lafiya?" Na ce babu ita, ya kaɗa mini shanun gefe.

Mun isa goma saura. Layinsa ya wuce. Ya zauna a benci har bayan azahar, bakinsa a buɗe yana neman iska, ni ina gefensa na kasa haɗa ido da matarsa. Da aka kira shi sai da muka ɗauke shi, don ƙafa ta ƙi. Allah ya sa ya fito da sauƙi wajen magariba. Muka kwana gidan 'yan uwa.

Da safe na sayi sabon rile a Nguru. Kuɗinsa bai kai na kifi kashi biyu ba. A hanyar dawowa ƙanena ya ce, "Yaya, danna hon mu ji." Na danna. Hon ya yi kuka, ƙanena ya kawar da kai yana kallon taga, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Kafin in shiga gida na tsaya shagon mai wayarin, na ba shi haƙuri a gaban mutanen da suka ji zagin. Ƙonannen rilen yana aljihun gaban motata har yau. Ina roƙonku, in mota ta fara tashi sai an buga ta, kada ku buga, ku kai ta wurin wanda ya sani. In kuma kun ƙi, to kada ku ɗauki marar lafiya a cikinta kuna shiru kamar yadda na yi.