Murhun Jego

A ƙauyen da aka kai ni aure, tsakanin Mayahi da Tasawa, tun kafin zuwan Nasara, ba a ƙirga mutane kai da kai. Cewa ake yi wanda aka ƙirga baki zai kama shi. Don haka in sarkin Tasawa yana son sanin yawan talakawansa, sai ya aiko jakada ya bi gida-gida yana duba murhu. Kowane murhu gida ɗaya ne, kowane gida kuma zai ba da namiji ɗaya a tafi aikin sarki.

Kowa ya san dabarar. Da an ji jakada yana hanya sai mata su kwashe duwatsu, su share toka, su watsa yashi, gida duka a koma tukunya ɗaya. Gidan mai gari da ya fi kasuwa cika, ranar nan murhu ɗaya gare shi. A can jakadan yake sauka ya ci zabi. Har yau ina tuna yadda yake lashe yatsu.

Shekarar da na yi haihuwa ta biyu, ruwa ya zubar da gefen ganuwar Tasawa ana tsakiyar noma, ga raɗe-raɗin yaƙi. Maza biyu ne a gidanmu, mijina da mahaifinsa, tsoho mai ciwon gwiwa. In an ɗauki ɗan, tsohon ne zai lallaɓa ya riƙe gona.

Surukata ta rushe murhun girkinta ta dawo nawa. Amma na bayan ɗaki, inda take tafasa mini ruwan wankan jego safe da yamma, ta ce ba mai taɓa shi.

Mijina ya ce, "Inna, yini guda ne hwa. Ki kashe wutar nan."

Ta ce, "Yini guda ka sa jiki kumburi. Ni na ga wadda ta tsallake wanka, da hannuna na yi mata sutura. Jakada ma mace ta haihe shi, ya san murhun jego."

Jakada ya shigo, mai gari yana biye da shi. Ya zagaya bayan ɗaki, ya zunguri dutsen da sandarsa, ya ce biyu ne.

Tsoho ya durƙusa a kan gwiwar nan mai ciwo, ya ce, "Ranka shi daɗe, wanga na ruwan mai jego ne. Ba a tuwo bisa nai."

Jakada ya ce, "Ga duwatsu, ga wuta, ga tukunya. Mi ya rage?"

Duk muka juya ga mai gari. Mutumin nan ya ci naman sunan jaririn da ke hannuna, har ya aika a ƙaro masa hanta. Sai ya tsaya yana sakace, ya ce abin da idon sarki ya gani shi wane ne ya musa. Daga baya muka ji an yanka wa ƙauyen yawan mazan da zai bayar, tsohonmu ne ya cike gurbin ɗan mai gari.

Aka tafi da su biyun. Ciyawa ta shige gero, ni da surukata muka yi ta fama da hauya, ba abin da muka kare. Ta ci gaba da tafasa mini ruwa har na yi arba'in. Ƙyamar ruwan nan nake yi, amma nake wanka.

Gero na fitar da kai mijina ya dawo shi kaɗai. An ɗora wa tsoho kwandon laka ya hau tsani, gwiwa ta ƙi. A can suka rufe shi.

Mai gari ya zo ta'aziyya. Ya zauna a tabarmar mamacin, ya shanye furar sadaka, ya ja doguwar addu'a. Da ya miƙe sai ya ce wa mijina, "Sai dai hwa tsoho bai cika aiki nai ba. In rani ya yi, gidan ga ka cika sauran."

Ina bayan zana ina jira in ji abin da mijina zai ce. Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, ranka shi daɗe." Har ƙofar gida ya raka shi.