Likkafanin da Inna ta kaɗa

Shekaru masu yawa baya, ina goyon fari, ciwon mahaifiyata ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Muka ɗora ta a jaki daga Bakori zuwa Tsiga, gidan wani mai magani. Damina ce, dawa ta fi mutum tsayi, ko'ina shiru sai kukan kurciya. Har yau kamar a mafarki nake ganin kwanakin nan.

Wata rana da hantsi ta cika, kanta a cinyata.

To, Inna ta daɗe da tanadin likkafaninta. Da hannunta ta kaɗa zaren, ta kai wa masaƙi, ta naɗe shi a adudu. Kullum cewa take, "Kada a sa ni a kayan wani." Amma wa zai ɗauki likkafani zuwa neman lafiya? A gida muka bar shi.

Yayana ya zura da gudu Bakori don ya ɗauko. Aka auna ta da kara, aka kai wa masu haƙa. Ni da matar mai maganin, wata tsohuwa 'yar firit, muka yi mata wanka da ganyen magarya. Sai ruwa ya tsuge. Azahar ta wuce, aka ce rafi ya kawo, babu mai tsallakewa.

Liman ya aiko cewa ba a ajiye gawa. Ni kuwa da bakin nan nawa, na tare ƙofa ina ta masifa, goyo na ihu a bayana, sai ka ce ni aka fara yi wa mutuwa.

Tsohuwar ta shiga ɗaki, ta fito da nata likkafanin. Ta ce, "'Yar nan, karɓi. Ni ma da hannuna na kaɗa."

Na ce, "Iya, ta ce kada a sa ta a kayan wani."

"Wa ya ce na wani ne? Musaya muka yi. In nata ya iso, nawa ne."

Kafin la'asar aka kai Inna. Yaya bai iso ba sai washegari, jiƙe sharkaf, adudun a kansa. Na miƙa wa tsohuwar, muka koma gida.

Wallahi raina ya daɗe bai kwanta ba, gani nake na saɓa mata. Sai da 'ya'yana suka tasa aka aiko cewa tsohuwar ta rasu, kuma ta bar wasiyya ni zan suturta ta. Ina warware likkafanin, yatsana ya faɗa kan wuraren da zaren ya yi kauri, inda gyangyaɗi kan ɗauki Inna tana kaɗi. Ban san lokacin da na ce, "Sannu da aiki, Inna," ba.