Sallahun da Na Ɗora wa Kwali

Ni ko Kumasi ban taɓa zuwa ba, amma yajin da nake dakawa ya je Jamus. Wata 'yar Zongo da ke aure can ta ɗanɗana shi a wajen ƙanwata da ta zo ganin gida, da ta koma ta bugo waya. Kwalba ashirin take so kafin sunan jikanta, saura kwana goma. In ya isa a kan lokaci, za ta riƙa saye duk wata.

Kuskurena, a tsakar gida na haɗa kayan. Gidanmu na unguwar Nima ɗaki goma sha huɗu ne, kuma a wajenmu matafiyi ba ya fita sai da sallahu. Maƙwabciyata mai sayar da koko ce ta fara zuwa da busasshen kifi, wai a kai wa ɗanta.

Na ce, “Hajiya, ɗan naki ba a Italiya yake ba?”

Ta ce, “Ba duk Turai ba ce? Sa haɗu a masallaci.”

Ladanin unguwa ya kawo silifas a kai wa nasa ɗan, wata ta kawo kanwa da soson wanka. Da wane baki zan ƙi? Na danna, na hau kwalin na zauna har ya rufu.

A ofishin aika kaya, ma'aikaciyar ta tambayi abin da ke ciki don ta rubuta a takarda. Na ce yaji. Ta ɗora a sikeli, ta kalle ni, ta yanka kwalin. Ta ɗago silifas da yatsa biyu.

“Mama, wannan ma dakawa kika yi?”

Na hau yi mata bayanin ɗan ladan da sunan jaririn da ake jiran yajin dominsa.

Ta ce, “Mama, kwali adireshi ɗaya ya sani, ba ya tsayawa gaisuwa a hanya. In suka buɗe a can suka ga abin da ba a rubuta ba, duka za su riƙe. Sai jaririn ya fara rarrafe yajinki bai fito ba.”

Jin haka na durƙusa na kwashe sallahun mutane tsaf. Yaji ya tafi shi kaɗai, ya isa ana jibi suna. Ni kuma na dawo a trotro, motar hayarmu, da kifi a cinya, fasinjoji na toshe hanci.

Hajiya ta yi Juma'a biyu ba ta amsa gaisuwata. Yanzu duk wata gidan ƙanwata a unguwar Maamobi nake zuwa ɗaure kaya, in fita da su daga gidanmu a ɓoye cikin kwandon wanki.