Saƙon Kwale-kwalen Yaya

Tun kafin wayar salula ta iso Haɗejiya na kamu da ciwon kwamfuta. Wata tsohuwa na saya a hannun abokina na Kano, shi ne kuma ya ja ni cikin ƙungiyarsu ta 'yan sha'awa. Mutane ne ƙalilan a Kano da Zariya da Maiduguri, kowa da kwamfutarsa da layin wayar gida. Sau ɗaya a rana kwamfutocin ke kiran juna su yi musayar saƙonni. Saƙon iri biyu ne: na mutum ɗaya, da na allo, wanda kowa zai karanta.

Ya ba ni manhajar saƙon a faifai biyu, da takardar abin da zan cike: lambar tashata, lambar wayarsa, lokacin kira. Mako uku ina fama. In na gyara nan, can ya ɓaci, in komai ya zauna sai a ɗauke wuta. Ranar da modem, ɗan akwatin da ke haɗa kwamfuta da layi, ya gama ƙugi da tsuwwarsa ya kamo Kano, tsallen da na yi har hulata ta faɗi. Inna tana tsince shinkafa a tsakar gida ta ce, "Wa ya taka wutsiyar mage a ɗakin nan?"

Na yi mata bayani da ɗoki. Ta saurara kamar ba ta ji ba.

Lokacin Yaya, ɗanta na fari, ya yi damina biyu da tafiya kamun kifi a tafkin Chadi, ba aike ba labari. Inna ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta kuma taɓa tambayar ko an ji ɗuriyarsa ba, saboda kunyar ɗan fari. Amma duk mun san abincinta ya ragu.

Washegari bayan azahar ta tsaya a bakin ƙofata, ba ta shigo ba.

"Abin naka yana zuwa gabas?"

"Har Maiduguri, Inna."

"To ka ce wa wancan, kwale-kwalensa yana ruɓewa a bakin kogi. In bai zo ya ɗauke abinsa ba, itacen girki zan yi da shi. Ƙaninsa dai ba ya moruwa, kullum yana ɗaki yana wasa da akwati."

Na rubuta yadda ta faɗa, har da sharrin da ta yi mini, na ƙara sunan Yaya da kamanninsa. Niyyata abokina kaɗai ya gani, ya ba ni shawara. Ashe wajen saita manhajar na sauya wa akwatunan saƙon biyu gurbi, na mutum ɗaya da na allo. Saƙon Inna allo ya hau.

Kashegari amsoshi suka zubo. Kunya ta kama ni kamar in nutse. Wani na Zariya ya ce yana gaida mai wasa da akwati, suna da ya bi ni shekara da shekaru. Abokina ya nuna mini layin da na kuskure, ya ce in gyara, amma kada in kuskura in goge saƙon. Abin da ya faranta mini rai shi ne, babu wanda ya ɗauka maganar kwale-kwale ake yi. Duk 'ya'yan uwaye ne. Wani malami a Maiduguri, wanda ban taɓa gani da ido ba, ya rubuta: "A gaida Inna. Maƙwabcina dillalin banda ne, zan sa ya cigita wajen masu kawo kifi."

Kwana goma sha ɗaya, kullum modem ya fara kuka sai Inna ta sami abin yi kusa da tagata. Tabarma ɗaya ta shanya ta ya fi a ƙirga.

A na sha biyun saƙon ya zo. An sami Yaya a wani tsibiri, lafiyarsa ƙalau, har ya yi ƙiba. Na fito da gudu ba takalmi na karanta mata: "A ce wa Inna kada a taɓa kwale-kwalen, ina nan tafe kafin yankan shinkafa. Ta yafe mini."

Ta juya mini baya ta ci gaba da kakkaɓe tabarmar.

"Wa ya tambaye shi?" in ji ta.

Na juya zan koma ɗaki, ina dariya ina share ido. Sai na ji muryarta ƙasa-ƙasa.

"Kai. Sake karantowa. Ban ji wajen kwale-kwalen sosai ba."

Sau huɗu na karanta mata.