Ranar da na zana kada a kan biskit

Shekarun baya, da za ka zagaye Unguwar Dosa gida-gida, ba za ka samu wanda ya kai ni sanin zane ba. Tun ina firamare na zana taswirar Najeriya, hedimasta ya kafe ta a ofishinsa. Har gobe ina jin malaman jogirafi na zuwa kallonta.

To, 'yata ta fari ta karanci zane-zane a jami'a. Da za su gama, ta gayyace ni bajekolin ayyukansu. Na sha babbar riga na tafi, ina tsammanin ganin fuskata a jikin allo. Da muka isa gurinta, sai na ga tebur da kujera, da hula a kan teburin, da 'yar takarda an rubuta: "Yallaɓai ya ɗan fita." Ni kuwa ma'aikacin gwamnati ne, kuma hular tawa ce, wata biyu ina nemanta.

Malaminta na ta gyaɗa kai, wai aikin yana magana a kan kujerun da ba kowa a kansu. Ni kuma, da muryata da ake ji har unguwar Mando, na ce, "Shekara huɗu kina karatu, ashe ɗaukar kujera kika koyo? Ai da masu kwasar kayan biki na kai ki."

Mutane suka yi dariya, ita ba ta yi ba. Daga ranar, yarinyar da muke tsokanar juna har uwarta ta kore mu daga falo ta koma "To, Baba", "A'a, Baba". Sati biyu. Shayin da take haɗa mini ma sai ya zama kamar na asibiti.

Matata tana yin biskit na suna da biki, tana yi masa ado da kwaɓaɓɓen sukari mai launi. Wata Asabar na tsaya a bakin kicin ina yi mata lacca, cewa zane aikin hannu ne, ba surutu ba. Sai ta miƙo mini faranti da biskit goma sha biyu, da ƙullin sukarin a leda mai tsini irin na masu zanen lalle.

"Bismillah, Yallaɓai. Ga fili ga mai doki."

Na naɗe hannun riga. Na ce kada zan zana, tunda a Kaduna muke. A raina kuwa, hanyar da zan ƙwanƙwasa ƙofar yarinyar nake nema.

Jama'a, ledar nan ba ta san girma ba. In matsa a hankali, ta ƙi. In matsa da ƙarfi, ta fashe ta baya, koren sukari har gemuna. Kadan farko ya fito kamar takalmin da mota ta taka. Na biyu ƙafa bakwai gare shi. Kafin na kai na ƙarshe, zafi ya narkar da na farkon.

Haka na ɗauki farantin zuwa falo. Yarinyar tana zaune da mahaifiyata, wadda ta zo daga Rigachikun ganin likita.

'Yata ta daɗe tana kallo. "Baba, mene ne wannan?"

Na buɗe baki zan ce kada, na ga ba mai yarda. Sai na ji kaina ina cewa, "Wato... ba kadan ba ne shi kansa. Halin da kogin Kaduna yake ciki ne. In kin lura da yadda koren ya malale..."

"Ci gaba, Baba. A kawo takarda a rubuta a ƙasa?"

Ta yi ta danne dariya har ta faɗo daga kujera. Ban taɓa jin daɗin a yi mini dariya ba irin ranar. Na ba ta haƙuri a nan, gemu duk sukari.

Har yau ban gama gane irin zanensu ba. Na dai daina raina abin da ban gwada ba, ko in ce na rage.

Duk wannan abu mahaifiyata tana juya biskit ɗaya a hannu, ta kasa samun inda za ta gatsa. Can ta mayar da shi faranti, ta ce, "Ita dai jikata, da aka tashi daga bajekolin an ci gaba da zama a kan kujerarta. Kai wa zai ci wannan?"