Zanen da Bai Yi Baƙi Ba

Ko zan manta komai na ƙuruciyata, ba zan manta wata Laraba a wani ƙaramin asibitin haƙori da ke wajen Ƙofar Guga ba. Satina uku da fara aiki, aurena kuma saura wata biyu. Aikina shi ne in wanke awartakin cire haƙori da sauran ƙarafa, in naɗe su, in manna wata 'yar takarda mai zane, in zuba a tukunyar tururi mai aiki da lantarki. In zafi ya ratsa su sosai, zanen sai ya koma baƙi.

Da hantsi likita ya cire wa wani mai ciwon hanta haƙori. Na wanke kayan tas, na kunna tukunya, na zauna bakin taga. Iskar damina na kaɗa labule, tukunya na huci a hankali, ni kuwa tuni na lula. Ga ni a ɗakin amarcina a Kambarawa, ina jera kwanuka, ina sauya wa gado wuri, har ƙamshin turaren wuta nake ji. Allah Ya yi ni da zancen zuci. Ashe an ɗauke wuta, shirun da tukunya ta yi na ɗauka ta gama ne.

Da aka kira ni na kwaso kayan da ɗuminsu, na buɗe, sai sheƙi suke. Wata tsohuwar Hajiya daga Gobarau na kishingiɗe a kujera, baki buɗe. Likita ya miƙo hannu, sai idona ya faɗa kan takardar. Zanen na nan fari fat. Ba wanda ya lura sai ni, in na yi magana kuma ina iya rasa aikin.

"Likita, dakata. Ba su dahu ba."

Ya yi mini wani kallo da har yau nake jinsa a jikina. Hajiya ta ɗago, kumatu a kumbure.

"Ɗiyata, mi ya hwaru? Ai ga su nan sai walƙiya suke."

"Hajiya, walƙiyar banza ce. Ki yi haƙuri."

"To mu jira. Kwana tara ina hwama da shi, awa guda ba ta kashe ni."

Aka tada janareta, na tsaya kan tukunyar ko ƙiftawa ba na yi. Likita ya wanke ni da faɗa son ransa, amma bai kore ni ba.

Tun ranar na san ba a auna tsabtar ƙarfe da ido, kuma gara in sha kunya a gaban kowa da in sa wa uwar wani ciwon da ba ta zo da shi ba.